Tarihin Rayuwata, kashi na bakwai: Zaren ƙarƙashin murhu

Makon jiya na tsaya inda kasuwar Baba ta karye. Shekarar yunwar da ake kira El Bohari ce, 1984. Damina ba ta yi ba, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma canja naira, duk ɗan kasuwar Maraɗi mai bin hanyar Jibiya ya ji a jikinsa. Amma a gidanmu na Bagalam ba wanda ya ambaci iyaka. Cewa aka yi an ɗaure Baba.

Goggo, yayarsa, ta ɗauko wata ƴar bori daga wajen Tibiri. Matar ta zagaya gida tana shinshina, ta tsaya gaban murhun amaryar Baba, ta tona. Sai ga baƙin zare an ƙulla shi ƙulli bayan ƙulli, da gashi da allura mai tsatsa. Ina yarinya, amma na lura wadda ta nuna wurin ita ce ta sa hannu cikin ramin.

Baba ya kai zaren wurin malaminsa, ni ke biye da fitila.

"Allah ya gafarta Malam, ga abin da aka yi mini."

Malam ya karanta Falaƙi da Nasi yana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Labidu ɗan A'asam ya yi wa Annabi (SAW) sihiri da mataji da gashi, ya jefa rijiyar Zarwan a Madina. Da Allah ya ba shi lafiya sai aka cike rijiyar, don bai so ya tayar wa mutane da fitina.

"Alhaji, ka ƙone shi, ka kama bakinka."

Baba ya ƙone, baki ne bai kamu ba. Kafin sallar layya amarya ta bar gidan da takardarta da goyo.

Ni ban musun sihiri, ga shi cikin Alƙur'ani. Sai dai na ga mutum in ya shiga uku yana son wanda zai nuna da yatsa. Fari ba a sakinsa, iyaka ba a kai ƙararta gaban alƙali, amarya kuwa tana kusa, marainiya, ba mai tsaya mata.

Da aka buɗe iyaka a 1986 kasuwar Baba ta farfaɗo, Goggo ta ce aikin ƴar borinta ne. Yaron da aka fita da shi a goye kuwa, sai da ya yi gemu muka haɗu, a tashar motar Dakoro. Yadda na gane shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.