Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Muka Zana Daji da Toka

Makon jiya na tsaya a inda na dawo ƙauyenmu, kudu da garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, ba aiki ba sisi. Da yake hannuna ya faɗa da rubutun Larabci, mai gari ya ce ni zan riƙe alƙalami ranar da ma'aikatan gandun daji za su zo.

Ashe alƙalamin sai daga baya. Bayan La'asar aka share filin ƙofar masallaci, aka ce mu zana dajinmu a ƙasa. Aka zuba toka, ita ce kogi. 'Ya'yan bagaruwa suka tsaya a madadin kurmin da Larabawa ke kira sunut, wanda ruwa ke kwanciya a gindinsa duk damina. Tsakuwa kuma ita ce dakwara, hashab ke nan, inda ake tsagar ƙaro da rani.

Mu maza har mun fara kaɗe hannu, sai ga Inna, ƙanwar kakata, da sandarta.

"Ɗan nan, ina burtali?"

Shiru. Ta ja layi tun daga tudu har mashaya, ta ratsa tsakiyar gonar tarakta ta wani attajiri, ta ce nan shanun Fulani ke bi tun tana budurwa. Da aka toshe, dole suka faɗa kurmi suna cinye tsiron bagaruwa. Mu kuwa shekara da shekaru makiyaya muke zagi. Nan wani ma'aikaci ya tuna mana cewa dokar daji ta 1989 ta ce manyan gonakin damina su bar kashi 10 cikin 100 ga itatuwa. Dariya aka yi, don a gonar nan ko inuwar da jaki zai fake babu.

Da magariba na fara kwafe zanen a takarda. Kawu ya matso, ya sa ƙafa ya goge wani ɗigon baƙi a gefen kurmi. Wurin da yake ƙona gawayi ne, kuma da kuɗin gawayin nan ya biya mini makaranta a Sinnar.

"Ka ga wani abu?" in ji shi.

"A'a, Kawu."

Na ɗago kai, sai idona ya faɗa cikin na Inna. Abin da ta yi washegari, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.