Babbar alternata a kan ƙaramar waya

Duk wanda ya yi kanikanci a Damagaram ya san yadda ake farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504, ko ta Faransa da aka fara ƙerawa a 1968, ko haɗin Kaduna. A yi mata fenti, a sa manyan fitilu da rediyo, sai batir ya fara kwana babu wuta. Maigida ya ce a cire tsohuwar alternatar, wato na'urar da ke cajin batir, mai amfiya 35 ko kusa da haka, a ɗaura ta 70 ko 90 da aka ciro daga 505 ko 405. Har nan babu laifi. Laifin yana wurin da ake tsayawa.

Wayar da ke fita daga B+, wato babban kan da wuta ke fita a jikin alternata, zuwa batir an auna ta ne da ƙarfin tsohuwar alternata, ga shi ta shekara arba'in tana gasuwa kusa da inji, robarta ta bushe. In batir ya yi sanyi, sabuwar alternata za ta tura masa duk abin da take da shi ta wannan siririyar waya. Sai ta yi zafi, robar ta narke, ta kama sauran wayoyin da aka naɗe su tare. A garejin da na baro, haka wata 504 ta ci wuta a hanyar Mirriah. Yaran garejin sun nemi a sayi waya mai kauri, maigida ya ce ai tsohuwar ta yi shekaru tana aiki. Da mai mota ya zo da faɗa, kuɗin yaran aka yanka. Allah ya isa.

Amfiya 70 na son waya mai milimita murabba'i 16, ta 90 kuwa a ba ta 25, ta tagulla zalla, a matse kawunanta da ƙarfe, ba murɗawa da hannu ba. A sa babban fis kusa da batir, wanda ya ɗan ɗara ƙarfin alternatar. Motar da wutar cajinta ke bi ta cikin agogon amfiya na tablo, wato allon gaban direba, kamar tsofaffin 404, dole a kewaye agogon, domin ba zai ɗauka ba. Mas, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta ƙarfen mota, shi ma haka: sabon fenti ba ya wuce wuta, a kankare wurin har ƙarfe ya fito, a ɗaura mas mai kauri daga inji zuwa jikin mota.

Daga nan sai awo. Inji na juyi dubu biyu a minti, fitilu a kunne, batir ya nuna bolt 13.8 zuwa 14.4. Tsakanin B+ da kan batir, abin da ke ɓata kada ya kai rabin bolt. In ya kai, akwai inda ke cin wuta.

Sabuwar alternata tana da regilatarta, wato mai daidaita ƙarfin caji, a ciki, don haka a cire tsohuwar regilatar da ke jikin mota gaba ɗaya. Sau da yawa sai an haɗa sabuwar alternatar a ga ba ta caji, a ce ta kasuwa ce, lalatacciya. Alhali fitilar caji ce babu: ƙaramin ƙwai na wat 2 tsakanin makulli da D+, wato ƙaramin kai a jikin alternata, shi ke tada ta, kuma ƙwan LED ba ya yin wannan aiki.

Fulin sabuwar alternatar, wato ƙarfen da fambel ke juyawa, in na fambel mai layi-layi ne, a sauya da na tsohuwar, a daidaita su a layi ɗaya. Fambel ya lotsa kamar santimita ɗaya in an danna. Ɗaurin da ya wuce haka rulma, wato boris, yake ci. 

Gwajin cire kan batir inji na tashe, wanda har yanzu wasu manya ke yi a gaban yara suna taƙama, a kan dinamo, na'urar caji ta da, aka gaje shi. A kan alternata diyod da regilata yake ƙonawa, wani lokaci har da rediyon mai mota.