Kantar but da maganar Kawu

Asabar. Motata Golf dai ta samu kantar katako ta ɗora ƙwai a but, kuma ta zauna daram.

Da hantsi na faɗa Na'ibawa 'Yan Katako. Filawud ƙafa 4 a ƙafa 8 ake sayar da shi, ni kuma rabi ya ishe ni, sai da muka sha ciniki kafin mai shagon ya tuna akwai ragowar wanda aka yanka wa wani. Tirikwata ne, wato kashi uku cikin huɗu na inci, mai kauri. Rabin inci ya fi araha, amma da kiret ɗin ƙwai ya yi yawa zai lanƙwashe a tsakiya. Na haɗa da katakon tu-bai-tu na ƙafafu da sukuru, don ƙusa ba ta jure girgizar hanyar gona, a hankali take zarewa. Gaba ɗaya kuɗin bai kai na buhun abincin kaji ɗaya ba. Mai waldan da na fara tuntuɓa kuwa, farashin da ya faɗa min na ta ƙarfe, dariya kawai na yi na ce a gai da gida.

Aikin ba wuya. But ɗin wagon yana tsukewa a wajen tudun tayoyin baya, shi ya sa na fara yanka kwali daidai wurin, na ɗora a kan filawud na zana, sannan Auta ya riƙe na bi da zarto. Tsayin ƙafafun daidai yadda buhu biyu na kilo 25 za su kwanta a ƙasa, ɗaya kan ɗaya. Kiret ɗin ƙwai a sama. Na kewaye bakin da siririn katako kada kiret ya zame in na taka birki, na shimfiɗa guntun tsohon kafet ɗin falo. Ban huda jikin mota ko sau ɗaya ba. Robar tsohon tub na yanka na ɗaure kantar ta gefe biyu, saboda safaya tana ƙarƙashin daɓen but, in taya ta yi faci dole kantar ta fita kafin a kai gare ta.

Ina cikin jin daɗina, har na sa Auta ya hau ya yi tsalle a kai, sai ga Kawu ya dawo daga La'asar. Ya tsaya, ya dogara sandarsa, ya leƙa. Ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa.

"Aiki ya yi kyau, ɗan nan."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu. Yanzu ƙwai ya huta da fashewa."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To in dare ya yi aka bugo ƙofa fa, ina za a kwantar da mutum?"

Nan da nan na kwance robar, na ciro kantar na ajiye a ƙasa, na kwantar da kujerun baya, don ya gani da idonsa cewa abin ba ya ɗaukar lokaci. Na ce ai shi ya sa ban ɗaure ta da noti ba. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Har ya juya sai ya ce, "Ba cirewar ba ce. Mutum in ya saba ganin motarka da katako a ciki, kunya za ta hana shi zuwa. Zai ce ta zama ta sana'a." Ya shige gida abinsa.

Tun lokacin maganar take cina. Kun san a cikin wannan but ɗin muka shimfiɗa wa Inna katifa daren da muka kai ta Asibitin Murtala, Kawu na zaune a gefenta ya tanƙwashe ƙafa, yana riƙe mata kai duk inda muka faɗa rami. Ba mu dawo da ita ba. Bai ambaci wannan ba yau, ni ma ban ambata ba, amma me kuma zai gani in ya leƙa wurin? A layinmu ni kaɗai ke da mota mai dogon baya. Naƙuda ta tashi, ni. Yaro ya faɗo daga katanga, ni. Ragon layya ma ni. Ban taɓa cewa a'a ba, ban kuma yi kantar don in fara cewa ba. Ƙwai nake so ya isa shago lafiya, shi ke nan. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, in buhu ya gangaro ya danne shi ribar ranar ta tafi, ga ƙarnin da ke kwana a mota ko an wanke da omo.

Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiya ya faɗa. Na san mutanenmu. Akwai wanda zai gwammace ya yi ta neman adaidaita sahu da ƙarfe biyun dare da ya sa ka sauke kaya saboda shi. Ba zai ma tambaya ba balle ka ce masa ai robobi biyu ne. Daga baya ka ji labari a masallaci, ka ce don me ba a tashe ni ba, a ce ai mun ga ka gyara motar.

Uwargida da na gaya mata cewa ta yi, "Kai dai kana da neman abin damuwa. Ka riƙa cire ta da daddare mana." Ta ci gaba da tankaɗe. Ita komai a wurinta haka yake, gajere.

Wuta ba ta zo ba tun jiya. Kaza ɗaya tana rufe ido, na ware ta. Auta na so a yi wa kantar fenti kore, na ce sai in shi zai sayi fentin.

Bayan Isha'i na bi shawarar uwargida, na ciro kantar, muka kai zaure, na bar motar a ƙofar gida yadda kowa ya saba ganinta. Sai dai gobe da asuba dole a mayar kafin a loda ƙwai, kuma Auta ya riga ya sanar da ni cewa gobe Lahadi ce, kada wanda ya tashe shi.