Yammacin Juma'a a Cocin Bach

Da hantsi jirgin ƙasa ya baro Berlin, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga mu a Leipzig. Sanyin Nuwamba ya tarbe ni tun daga bakin tasha. Abokina da ke karatu a garin shi ya matsa mini in zo. "Malam," in ji shi, "in ka bar Jamus ba ka ji waƙar yaran nan na cocin Thomas ba, ka yi asarar kuɗin jirgi."

Da ƙafa muka taka zuwa cocin Thomas. A harabarsa mutum-mutumin Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗa da waƙa na Jamus, yake tsaye tun 1908, aljihun rigarsa ɗaya a zazzage waje. Mutanen gari sun ce alamar babu ce, ai mai 'ya'ya ashirin ba ya tara kuɗi. A ciki kuma, can gaba, kabarinsa ne a ƙasa, an rufe da farantin tagulla, sunansa kawai a kai, sai furanni da wani ya ajiye. Bayan yaƙin duniya na biyu aka dawo da ƙasusuwansa nan, domin bama-bamai sun rushe cocin da suke.

Na zo ina zaton tarihin wani shahararre zan ji, sai na tarar da malamin makaranta. Maraya ne tun bai cika shekara goma ba. A 1723 ya karɓi aikin shugaban mawaƙan wannan coci, ya riƙe har rasuwarsa a 1750. A shekarunsa na farko kusan kowace Lahadi sai ya tsara sabuwar waƙa da ake kira kantata, a kwafe ta da hannu, a koya wa yara, a rera, Litinin a sake sabon lale. Wajen ɗari biyu suka tsira zuwa yau. A nan ne kuma, a 1727, aka fara rera doguwar waƙarsa kan wahalar Almasihu bisa Linjilar Matiyu, wadda ke cin kusan awa uku.

Wasiƙar da ya aika wa majalisar gari a 1730 ta fi komai taɓa ni. Ya ƙirga ɗalibansa: 17 za su iya, 20 sai nan gaba, 17 ba su da amfani a waƙa. Da waɗannan yara ya yi aikin da duniya ke ji yanzu. Yaran kuwa a makaranta suke kwana, kuma sukan bi tituna suna waƙa a ba su sadaka. Da na ji haka, almajiran unguwarmu ne suka faɗo mini a rai, na yi shiru.

Ƙarfe shida yaran ƙungiyar mawaƙan cocin na yanzu suka shigo. Ƙungiyarsu ta faro tun 1212, ƙananan cikinsu sanye da riga irin ta matuƙan jirgin ruwa. Murya ɗaya ta ɗauka, ta biyu ta biyo sawunta, ta uku ta shigo ta ƙasa, kowace da hanyarta amma babu mai taka wata, kamar zaren saƙa. Jamusancina bai kai in gane baitukan ba, duk da haka tsigar jikina ta tashi. Wata tsohuwa kusa da ni ta lumshe ido, leɓunanta na bin waƙar kalma bayan kalma.

Da aka gama babu wanda ya tafa, domin ibada ce. Muka fito cikin duhu da yayyafi, abokina yana ta magana, ni kuwa sai da muka kusa tasha na iya amsa masa.