Larghetton Elgar ta daina rawa a hannuna

'Yan uwa masu fama da biyola, gogen nan na Turawa, ku taya ni murna. Daren jiya na ja sashe na biyu, wato Larghetto, na Serenade ɗin Elgar, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, tun daga farko har ƙarshe, izgata ba ta yi makyarkyata ko sau ɗaya ba. Mako bakwai ke nan ina kan wannan abu, har matata ta fara tambaya ko waƙar ba ta da wani wuri sai wannan.

Da muka zaɓe ta a ƙungiyar kiɗanmu, mun ɗauka ita ce mai sauƙi. Serenade ɗin Tchaikovsky na 1880 ya fi ƙarfinmu, na Dvořák na 1875 kuma sassa biyar ne, ba mu da wannan numfashin. Na Elgar sassa uku kacal, minti 12 ko kusa da haka, kuma a 1892 ajin mata masu koyon kiɗa a Worcester ta Ingila ne suka fara buga shi. Muka ce ai abin da 'yan koyo suka ɗauka ba zai gagare mu ba. Ashe!

Sashe na farko, inda mu masu biyola ke buɗe fage, ya zauna cikin kwana goma. Larghetto ce ta tsaya mini a wuya. Yatsun hagu ba su da wani aiki mai wahala a wurin, duk fitinar tana hannun dama. Sauti ne dogo, a hankali, ƙasa-ƙasa, kuma da zarar na kai tsakiyar izga sai ta fara tsalle-tsalle a kan tsirkiya kamar ana kaɗa ta da sanyi. In na danna don ta nutsu, sauti ya shaƙe. In na sassauta, ya koma iska zalla.

Na fara zargin ƙaro, na shafa har farar ƙura ta rufe cikin biyolar. Babu canji. Na koma zargin tsirkiya, na yi odar sabon saiti daga Legas, naira 48,000 har da kuɗin aike, abin da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Sautin ya ƙara haske, makyarkyatar kuwa tana nan daram.

Malaminmu ne ya gano, shi ma ba da gangan ba. Ya karɓi izgar zai nuna mini wani abu, sai ya ce, "Kai, wa ya ɗaure wannan haka?" Hunturun Jos ya busar da tsagiyar ta tsuke, ni kuwa ina murɗa dunƙulen ɗaure ta yadda na saba tun damina. Sandar ta kusa miƙewa sak, duk lanƙwasarta ta tafi. Ya sassauta, ya miƙo mini, sannan ya kama ɗan ƙaramin yatsana ya girgiza: a sandare yake kamar ƙusa. Tsoron tsallen ya sa ina maƙale izga, maƙalewar kuma tana ƙara tsallen.

Tun ranar, kowace safiya minti goma a kan tsirkiyar G babu yatsa, ja ɗaya daƙiƙa 20, ɗan yatsan a lanƙwashe, izga ta ɗan matsa nesa da gada, ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi. Kwana huɗu na farko abin ya fi da muni. Na biyar sai kafaɗata ta sauka da kanta.

Na kuma koma sauraron faifan da Elgar da kansa ya jagoranta a 1933. Ba ya jan Larghetton yadda muke janta, tafiya take yi. Rabin wahalar da na sha, mu muka ɗora wa kanmu da wannan jan jikin. Ranar Asabar zan gaya wa masu biyolin (ƙanen biyola) haka, in sun yarda su saurari mai biyola.