Kaya sun tafi Garwa, kuɗi bai dawo ba: wace kotu ke da hurumi?

Ɗan kasuwa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya loda tirelar wake zuwa Garwa a Kamaru, an biya rabi, sauran kuma shiru. Abin da yawanci yake fara zuwa a zuciya shi ne a garzaya Babbar Kotun Tarayya, tunda maganar ta haɗa da wata ƙasa. Kuskure ne. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ba ta hurumi a kan ciniki na yau da kullum ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Onuorah a 2005. Wurin zuwa shi ne Babbar Kotun Jihar Gombe, bisa sashe na 272, muddin akwai abin da ya ɗaure cinikin da Gombe, kamar a ce a nan aka yi alkawarin biyan kuɗin. Sai dai in kayan ta jirgin ruwa suka bi, wannan kam na kotun tarayya ne.

Sammaci shi ne inda ƙararraki da yawa suke mutuwa. Wanda ake ƙara yana wajen Najeriya, don haka dole lauya ya fara neman izinin kotu kafin a kai masa takarda can. In aka tsallake wannan, ko an yi shekara uku ana shari'a, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya rusa komai.

Amma a ganina tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: ina dukiyar wanda ake bi bashin take? In shagonsa da asusunsa duk suna Garwa, hukuncin Gombe ba zai taɓa su kai tsaye ba. Sai an kai shi gaban kotun Kamaru ta amince a zartar, da sabon lauya da sabon kashe kuɗi. Kamaru, Nijar da Cadi suna bin dokokin kasuwanci na OHADA, wato na bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka amince da su, Najeriya ba ta ciki. Wani lokaci shigar da ƙarar can tun farko ya fi sauƙi.

Shi ya sa takarda kafin lodi ta fi komai. A rubuta dokar ƙasar da za a bi, kotun da za a je, wurin biya, da kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa. Kada a sa hannu a kan takardar Faransanci da ba a fassara ba, domin in ta ce kotun Duwala, kotunanmu kan mutunta wannan sharaɗi sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar yadda aka bayyana a shari'ar Sonnar a 1987.

Ga ciniki mai nauyi, a sa sharaɗin mai yanke hukunci da ɓangarorin biyu suka zaɓa, ƙarƙashin dokar sasanci ta Najeriya ta 2023. Najeriya, Nijar da Kamaru duk suna cikin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta tanadi zartar da irin wannan hukunci a wata ƙasa, saboda haka irin wannan hukunci ya fi na kotu sauƙin tsallaka iyaka.