Godiya Bayan Baje Kolin Ƙananan Jiragen Ruwa

Alhamdu lillahi, an tashi daga baje kolin lafiya, an kwashe kaya, kuma likita ya cire zaren ɗinkin hannuna. Ga wanda bai bibiyi al'amarin ba, wuƙa ce ta yanke ni a makonnin nan ina sassaƙa ɗan jirgin da zan kai baje kolin. Gajiya ce a jikina, amma ba zan iya kwanciya ba sai na sauke nauyin godiya.

Na yi shekaru ina haɗa ƙananan jirage daga kwalin da ake sayowa, inda kowane ɗan katako ya zo a yanke da lambarsa, har da samfurin Cutty Sark, jirgin dakon shayin nan da aka ƙera a 1869. Abin da ya raba ni da kwali shi ne hoton kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, aka kuma tono shi a 1994. Shekarunsa sun kai wajen 8,000, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5, kuma daga gungume ɗaya aka sassaƙa shi. Na ga cewa wanda ya yi wannan aiki ba shi da zane a takarda, idonsa da hannunsa kawai ya dogara da su, sai na ƙudurta zan rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma. Hakan ya sa nawa ya zama santimita 84, kaurin jikinsa milimita 5 kacal, kuma a wannan sirantar ce itacen ya tsage, wuƙar ta zame ta shige tafin hannuna.

Tsoron da na ji a daren nan ba na jinin ba ne. Ina zaune a bencin asibiti ina ƙoƙarin lanƙwasa babban yatsana ya ƙi motsi, na ɗauka na yi bankwana da sana'ar ke nan.

Kwana uku bayan haka Baba masassaƙin turmi na bakin kasuwarmu, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya yi sallama a ƙofar gidana da guntun maɗaci a kafaɗa, busasshe, wanda ya daɗe yana ajiye da shi. Ya juya fasasshen jirgin a hannunsa, ya nuna mini cewa ɗanyen itace na yi amfani da shi, kuma na saɓa wa jijiyarsa. Sannan ya ce, "Ɗana, kai ka auna, ni zan sara." Kwana tara yana barin rumfarsa bayan la'asar, ya zauna a tabarmata da ƙaramin gizagonsa, ina riƙe da ma'auni da hannun hagu. Da na miƙa masa ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ture hannuna, har ransa ya so ya ɓaci. Baba, na san ba ka son a ambace ka, ka yafe mini. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifanka, Ya shirya maka zuriya, Ya sa aljanna ce makomarka.

Ina godiya ga uwargida, wadda ta yi ta goge jikin jirgin da man gyaɗa har tsakar dare, da Yaya da ya biya kuɗin magani tun kafin in buɗe baki, da ma'aikaciyar jinyar da ta yi haƙuri da ni. Akwai 'yan uwa na jini da layi biyu ne tsakaninmu, ba su leƙo asibiti ba, ba su zo baje kolin ba. Na ɗauka uzuri ne ya riƙe su, Allah Ya bar zumunci.

Yaran makarantar da suka tsaya suna tambaya ko da gaske a ƙasarmu aka samo jirgin, Allah Ya yi muku albarka. Wanda ya yi addu'a daga nesa, da wanda ya zo da ƙafarsa, Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya kare hannuwanku daga abin da ya sami nawa. Amin summa amin.